Maginan Cikin Mara

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya saukar da cuta ya kuma saukar da magani, ko da yake mu ne muke makara wajen nema. Maganar da zan yi ta ƙasan cibiya ce, irin wadda mace mai mutunci ba ta yi a cikin taro. Na sani. Amma tun da an riga an sa mini suna marar kunya a Madarunfa, gara in ci ribar sunan, ko wata uwa ta ji ta tsira da ɗanta.

Sunana Tsahara. A garin Sarkin Yamma aka haife ni, inda ruwanmu na rijiya ne, sai an ja da guga. Ba da daɗewa ba bayan Nasara sun sauka daga mulki aka kawo ni Madarunfa, gidan wani masunci. Ba zan faɗi sunansa ba ko yanzu da yake ƙasa, Maigida nake ce masa. Mutum ne dogo, marar hayaniya, wanda tun yana ƙarami yake kifa cikinsa a kan gora, babbar ƙwaryar nan da masunta suke iyo da ita, ya shiga tsakiyar tafki da komarsa. Uwarsa, Inna, tana gidan tare da mu.

Ina amarya na je wanki bakin tafki, sai na ga yara maza sun jeru suna fitsari a kan yashi, suna gardamar na wa ya fi ja. Ja fa, kamar an jiƙa zoɓo. Na bar wankin na rugo gida na gaya wa Inna. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce ƙauyanci ne ke damun 'yar rijiya. Ta ce wannan ai tsargiya ce, jinin maza. Yadda mace take ganin wata, haka yaro namiji yake ganin tsargiya, kuma wanda bai yi ba kada a sa ran zai haihu. Ta ce Maigida ma ya yi tasa, mai kyau kuwa, ta ɗauke da kanta dab da aurenmu. Na ji kunyar jahilcina, na koma na kwashe wankina.

Ɗana na fari namiji ne. Kun san al'ada, ɗan fari ba naki ba ne. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai ki kau da kai wata ta ɗauke shi. Ana yaye shi Inna ta kai shi ɗakinta, tana ce masa mijinta, ni kuwa in ce “yaron Inna”. Gida ɗaya muke, amma in zan ba shi tuwo sai in ajiye akushi in gaya wa iska ga abinci nan. Bayansa mata na haifa, su ne na goya na yi wa waƙa. Shi kuwa ta wutsiyar ido nake kallonsa yana girma, yana bin ubansa tafki.

Shekarar da damina ta gaza, tafki ya ja baya ya bar laka tana tsagewa, a ƙarshen kaka Maigida ya fara daɗewa a bayan gida. Bai gaya wa kowa ba. Buta ce ta tona masa asiri, don ni nake cika ta, sai na ga ina cikawa ba iyaka. Ya shiga ya fito, kafin ya zauna ya sake miƙewa. In ya fito goshinsa da gumi. Na tambaye shi ya ce zafi ne ya yi masa yawa, in jiƙa masa tsamiya.

Mako na biyu jini ya dawo. Ba irin ja mai hasken nan na yara ba, baƙi ne, da gudaji kamar an yayyanka hanta. Ni na gani a zanen shimfiɗa. Da Inna ta ji sai ta ce to, ƙuruciya ce ta dawo masa, in shirya haihuwar namiji. Ta faɗa tana dariya, amma na lura ranar ba ta taɓa furarta ba.

Daga nan masu ba da shawara suka buɗe mana kasuwa. Wanzami ya zo ya kafa masa ƙaho a mara, ya zuƙe jinin da ya rage wa bawan Allah. Yaya Mati, wan Maigida da ke fatauci a Ɗan Issa, ya kawo ƙwayoyi ja da baƙi daga tsallaken iyaka, ya ce su ne ake yayi. Malamin unguwa ya yi ta aiko rubutu, kuma Allah ya saka masa, ko dala bai taɓa karɓa ba. Wani tsohon arne da ke yi wa ruwa yanka ya aiko cewa tafki ne ke neman abinsa, a ba da baƙar kaza. Maigida ya ce shi Musulmi ne, ba ya yi. Da safe na duba akurki, baƙar kazata ba ta nan, Inna kuma ta ƙi haɗa ido da ni.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bakin mata. A bakin rijiya aka fara cewa ciwon sanyi ne, wai ya kwaso shi a ɗakunan matan bariki na Ɗan Issa. Mutumin da in ya je Ɗan Issa sai ya dawo kafin la'asar don kada kifinsa ya lalace. Wadda ta fara faɗa na san ta, ta ci kifinmu bashi shekara da shekaru. Ban yafe mata ba, kuma ba na jin zan yafe.

Wajen mako na biyar, wata safiya fitsari ya tsaya cak. Mararsa ta kumbura, na taɓa na ji ta da tauri kamar gindin tukunya. Namijin da ban taɓa jin ya ce wash ba yana cizon gefen tabarma. Muka ɗora shi a amalanken jaki zuwa wurin majo, babban ma'aikacin ɗakin magani na garinmu. Majo ya zura masa tiyo, fitsari ya zubo da jini da wari. Bai ɓoye mana ba, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, mu tafi birni yau, kada mu ce sai gobe. Na sayar da akuyata da 'ya'yanta a farashin wulaƙanci, don shekarar kowa sayarwa yake, muka hau kamiyo, babbar motar kaya, ni da shi da Yaya Mati.

Asibitin birni cike yake da mutanen da yunwa ta koro daga arewa. Na shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar bedi, nan nake girki, nan nake kwana. Layi kuwa tun asuba, ki tsaya har rana ta take, a ce ki dawo gobe. Na yi fushi, na yi zagi a cikin raina. Amma in na tuna ma'aikaciyar nan da take wanke masa tiyo da hannunta ba ta ko yamutsa fuska, sai in rasa wa zan zaga. Kusan mako muka yi kafin aka ɗauke shi hoton cikin jiki, wanda suke kira radiyo. Kuɗin akuya a nan ya ƙare.

Likitan saurayi ne, Badamagare, mai magana a hankali. Ya ɗaga hoton ya kara a taga, ya nuna mana wani farin zobe a ƙasan ciki, kamar ɓawon ƙwai. Ya ce mafitsara ce, kuma bai kamata a gan ta a hoto ba, don nama ce mai laushi. Ya tambayi Maigida ko ya yi tsargiya yana yaro. Maigida ya ce ƙwarai, ta warke tuntuni. Likita ya girgiza kai.

Ya ce in taɓa cikin kumatuna da harshe. Na taɓa. Ya ce haka cikin mafitsara yake, fata ce marar kauri mai danshi, irin ta baki da hanji da maƙogwaro. Ya ce a cikin jinin mutum akwai masu gadi, ƙanana, ido ba ya ganinsu, uwa ɗaya uba ɗaya, amma kowanne halin unguwar da aka ajiye shi yake ɗauka. Na fata masu zafin rai ne, abu ya shiga su taso, wuri ya yi ƙaiƙayi ya kumbura, a gama. Na hanji masu haƙuri ne, don kullum baƙi suna wucewa ta gabansu, in suka ce za su yaƙi kowace loma mutum ba zai rayu ba. To tsargiya tsutsa ce, daga katantanwar tafki take fitowa ta huda fata ta shiga jini, ta je ta yi ta zuba ƙwai a bangon mafitsara. Masu gadin wannan wuri ba su iya kashe ƙwan, ba su iya fitar da shi. Abin da wurin ya koya musu shi ne gini. Sai su kewaye kowane ƙwai da katanga, su rufe, wani ya zo su sake, shekara da shekaru.

“Jinin da kuke gani yana yaro, ƙwan ne yake samun hanya yana fita,” in ji shi. “Ranar da jinin ya ɗauke kuka ce ya warke, ranar ce gini ya fara rufe ƙofa. Tsutsar zan iya kashe ta, Malam. Ginin ne ba zan iya rushewa ba.”

Sai ya tambaya ko muna da yaro mai shiga tafki. Maigida ya ce akwai ɗaya, na fari. Likita ya juyo gare ni ya ce yaya sunansa, kuma fitsarinsa ya fara ja? A gaban mijina, a gaban wan mijina, ana tambayata sunan ɗan fari da fitsarinsa. Na ja mayafi na rufe fuska. Yaya Mati ya ce yaron na kakarsa ne, ita ta sani. Likita ya sake magana, kuma da ni yake, ko da yake ba ya ganin fuskata.

“Uwargida, a jikin yaro ginin ɗanye ne. In aka kashe tsutsar yanzu, jiki da kansa zai narkar da shi. In ya bushe, ga shi nan a taga.”

Aka ba Maigida ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa. Likita ya gargaɗe mu cewa suna da ƙarfi, suna iya taɓa kai. Sun taɓa kuwa. Da rana tsaka, ido biyu, sai ya ce mini in ji, ana kiransa daga ruwa. Ya riƙa ambaton sunayen abokan wasansa na ƙuruciya, yana cewa ga su can kan gora suna yafuto shi. Na san sunayen, don matansu ƙawayena ne. Dukansu sun mutu, kuma ba wanda ya kai tsufa. Wani an ce sammu aka yi masa, wani an ce iskar ruwa ce. Ina zaune gindin bedi na fara tuna yadda kowannensu ya ƙare, ƙafa a kumbure, buta a gefen shimfiɗa. Na tuna Inna ta taɓa gaya mini cewa mahaifin Maigida ma ƙafafunsa sun yi kamar turmi kafin ya rasu, wai kishiyar sana'a ce ta jefe shi.

Ƙwayoyi suka ƙare, hankalinsa ya dawo, amma ƙafafu suka fara hawa. Fuska ta kumbura, abinci ya ƙi zama, numfashinsa ya koma warin fitsari. Likita ya ce ginin ya toshe hanyar da ruwa yake saukowa daga ƙoda, ga kuma wani tsiro da ya fito a jikin bangon. Ya ce mu kai shi gida cikin danginsa. Bai yi mana ƙarya ba, bai kuma karɓi abin da ba zai yi amfani ba. Allah ya ba shi abin da yake nema duniya da lahira.

A gida jinya ta koma wanki. Zane bayan zane, in wanke in shanya, kafin ya bushe wani ya ɓaci. Ina juya shi, ina shafa masa man shanu a baya don kada ya yi gyambo, ina ɗura masa kunu da ludayi yana dawowa. Shaƙuwa ta kama shi ba ta saki. Wata rana cikin kayan wanki na tsinci wandon yaron Inna. Gabansa duk tabo ne, ja-ja, wani kan wani. Da na ɗaga kai sai na ga yaron da sabuwar hula. Inna ce ta saya masa, tana gaya wa maƙwabta mijinta ya zama namiji.

Na je ɗakinta na durƙusa. Na bi ta nesa, yadda ya kamata, na ce likita ya ce yaran da ke shiga tafki a kai su a duba. Ta ce likita bai san tafki ba, ni ma ban san shi ba. Uban yaro ya yi, kakansa ya yi, wa zai kai jikanta a kashe masa mazakuta da ƙwayar da ta haukata ɗanta? Sannan ta dube ni ta ce, “Ke 'yar rijiya, yaushe kika fara sanin abin da ke cikin wandon ɗan fari?” Na tashi na fita, raina kamar ya fashe.

Maigida ya ji mu, don zana ce kawai tsakani. Da na shiga ya kama hannuna ya ɗora a kan mararsa. Ya ce in saurara, yana jin maginan, ba su huta ba. Ban sani ba ko ciwon ne ya sake taɓa masa kai. Sai ya ce, a hankali, tsakanin shaƙuwa da shaƙuwa:

“Tsahara, Inna ba za ta iya ba. In ta yarda, to ta yarda ke nan hula ta saya mini ranar da aka fara haƙa kabarina. Ke ce za ki yi.”

Bai ƙara cikakken mako ba. Ranar wata Talata, tsakanin azahar da la'asar, barci ya ɗauke shi, rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Na shiga takaba. Mai takaba ba ta fita, ba ta ɗaga murya, ba ta haɗa ido da maza. Ina ɗaki da zane ɗaya, kuma ko na rufe ido farin zoben nan nake gani a taga. In iska ta kaɗa zana sai in ji kamar ana yaɓa laka. Bayan sadakar bakwai, da hantsi, na ji Inna a tsakar gida tana cewa gida ba ya zama ba masunci, mijinta ya ɗauki gorar ubansa. Na ji an sauke gorar daga rumfa, na ji ƙafafunsa sun fita. Na zauna ina gaya wa kaina cewa in na gama takaba zan san dabara. Sai na lissafa watannin, na tuna laka ba ta jiran kowa kafin ta bushe.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ratsa tsakar gida, Inna tana kirana ban waiwaya ba. Na bi lungu da zanen takaba, ba takalmi, maza suna kaucewa suna salati. Bakin tafki cike yake, mata suna wanki, masunta suna gyaran koma. Na hango shi can, ya kifa ciki kan gorar ubansa, yana tura ruwa da ƙafa yana ƙara nisa.

Na ce, “Kai yaro.” Yara da yawa suka waiwayo, ban da shi. Na ce, “Yaron Inna.” Iska ta kwashe. Mata sun daina wanki suna kallona. Gora tana ƙara ƙanƙancewa. Na shiga laka har idon sawu, na buɗe baki, kuma wallahi harshena bai san yadda ake furta shi ba, don tun ranar suna ban taɓa faɗa ba ko a cikin ɗaki ni kaɗai.

“Lawali!”

Wata tsohuwa ta rufe baki da hannu. Shi kuwa ya juyo a firgice har gora ta kuɓuce masa, yana neman wanda ya kira shi, don ya san sunan, ya san muryar, amma bai taɓa jin su tare ba. Na sake kira, na ce ya fito. Ya fito yana ɗigar ruwa ya tsaya gabana, kansa a ƙasa. Na kama wuyan hannunsa a gaban kowa, ban sake shi ba sai a ƙofar majo.

Ya sha ƙwayoyin. Ya yi amai, ya yi jiri, ya rame, amma kansa bai taɓu ba, kuma kafin in fita takaba fitsarinsa ya koma kamar na kowa. Liman ya ce larura ce ta fitar da ni, ba ni da laifi wurin Allah. Mata ba su bi fatawarsa ba. Yaya Mati, wanda shi ma ya yi tasa tsargiyar yana yaro, kuma tun ranar hoton nan yake yawan taɓa mararsa, shi ya yanke magana a matsayinsa na uba. Ya tafi da yaron Ɗan Issa, nesa da ruwa, ya koya masa fatauci. Gorar tana nan inda iska ta kai ta cikin ciyawa, ba wanda ya ɗauko.

Inna ba ta ƙara yi mini magana ba har ta koma ga Allah. Ni na yi jinyarta, tana karɓar kunu daga hannuna tana kallon bango. Ba na ƙullace da ita. Na raba ta da jikan da ya rage mata a ɗaki, kuma abin da ta sani shi ta yi.

To ke da kike da yaro a bakin ruwa, in kin ga ja a wandonsa kada ki sayi hula. Kai shi a duba, ko ɗan fari ne, ko surukarki za ta daina gaishe ki. Lawali yau magidanci ne, 'ya'yansa sun cika mini ɗaki, su ne amsar masu cewa ba zai haihu ba. Ina kiran sunansa a gaban kowa, a kasuwa ma, mutane sun gaji da mamaki. Shi ne bai saba ba. Har yau in na kira shi daga bayansa sai ya zabura ya waiwayo, hannunsa yana laluben gora.